Yadda Alkasum Baduku Ya Gaida Surukinsa

Babban faɗan da na yi da Alkasum Baduku a kan man gyaɗa ne. Ya faɗo gidanmu a Birni ko sallama babu, rawani ya warware ya sauko wuya, ya tsaya a kaina ina matsar tunkuza.

"Delu, me kike zubawa a man nan naki?"

"Gyaɗa. Me kake so in zuba?"

"Ƙarya ne. Santsinsa ya yi yawa. Ga shi ya fitar mini da mata daga gida."

Na ce tun da nake ban taɓa jin wanda ya sayi mai ya dawo yana ƙarar santsi ba. Alkasum taubashina ne, ɗan kawuna, don haka babu zagin da ya haramta tsakaninmu. Na raka shi da muciya har zaure. Amma maganar matar gaskiya ce, Barira ta bar gidansa, kuma ga yadda aka yi.

Alkasum ɗinkin fata ya gada. Kube, alabe, titimi, gidan laya, duk abin da ya bi ta hannunsa sai ka so ka rataye shi ka zauna kallo. Cutarsa ɗaya ce, ba ya iya ganin fata tsirara. Ko igiyar guga ka kai masa ya ƙulla, sai ya rina ta ja ya shafe ta da mai ya yi mata tuntu. Ban da wannan, mutum ne mai ladabi har ya ba ka haushi. Da ladabin ya sami Barira, don ubanta Malam Garba, tsohon bafatake na Zango, da gaisuwa yake auna mutum. Masu raƙuma sun nema ya hana su, ya ba baduku, saboda Alkasum tun daga bakin lungu yake tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa, ya tambayi gida da gajiya da awaki har ƙafarsa ta yi tsami.

Ana nan sai ya ga babur. Na wani Nasara ne mai sayen gyaɗa da ya koma ƙasarsu ya bar shi a bayan sito, kaji na ƙwai a gindinsa. Alkasum ya ba mai gadin titimi biyu da alabe, aka ɗauko masa gawar a kan amalanke. Ya samo Suma'ila, tsohon soja wanda ya yi shekaru yana wanke motocin Faransawa, suka baje abin a ƙofar gida kamar mahauta. Suka fasa gidan zanzaro daga bututun hayaƙi. Suka zuba tsakuwa da kananzir a tanki suna girgizawa har tsatsa ta fita. Suka kankare buji, ɗan ƙarfen nan da ke ba da wuta, suka liƙe tayoyi. Damina ta zo ta wuce suna turawa, abin yana tari yana mutuwa. Kafin injin ya yi numfashi ɗaya Alkasum ya riga ya ɗinka masa sirdin jar fata da geza har ƙasa, ya rataya masa layu a ƙaho.

Ranar da ya tashi, jakunan unguwa suka tsinke igiya. Suma'ila ya share gumi ya ce, "To, saura birki."

"Mene ne amfaninsa?"

"Shi ke tsayar da shi."

"Suma'ila, wata nawa muna roƙon abin nan ya tafi, kai kuma kana maganar tsayawa?"

Kuma a Birni bai ga buƙata ba. Lungunanmu rairayi ne har idon sawu, da ka sassauta hannu sai babur ya nutse ya tsaya da kansa. Alkasum ya ɗauka biyayya ce abin yake yi masa.

Sai ya ce bari ya je Zango ya nuna wa surukinsa. Hanyar can an daɓe ta da marmara saboda motocin gyaɗa, kuma gidan Malam Garba a gindin gangare yake. Tsohon yana zaune a kan buzunsa a ƙofar gida, ya ɗaga kai ya ga mijin 'yarsa tafe. Alkasum ya sassauta hannu, babur bai san wannan maganar ba. Ya taka ƙarfen birki, ƙarfen ya tafi ƙasa ba gardama. Ya wuce surukinsa a zaune, da takalmi a ƙafa, kansa ya fi na tsohon tsawo. Ya fara "Barka da" a ƙofar gidan, "hantsi" kuma masu sayar da kanwa ne suka ji ta a can bakin kasuwa.

Malam Garba ya karkaɗe buzunsa ya shige gida.

A nan Alkasum ya yarda a duba birki. Suma'ila ya buɗe cibiyar ƙafar babur ya nuna masa ƙarafa biyu masu kamar jinjirin wata. Ya ce da can akwai wani abu liƙe a bayansu wanda ke damƙe ƙafar in an taka, yanzu ya cinye, kuma ba a samunsa sai Kano.

"Abu mai kamar fata?"

"Kusan haka."

Alkasum ya yi dariya, don an zo gidansu. Ya zaɓi fatar akuya mafi kyau, ya rina ta da karan dafi, ya ninka ya ɗinke gefenta da ɗinki ƙanana, maƙeri ya kafa masa ita da ƙusa. Sannan ya aiko aka sayi mai a wurina, ya shafe ta har tana ƙyalli, don a wurinsa fatar da ba ta sha mai ba aikin koyo ce. Suma'ila ya tafi Dakusa biki, babu wanda ya hana shi.

Alkasum ya sa babbar riga ya hau, zai je ba da haƙuri. Wannan karon Malam Garba da baƙi yake, dattawan unguwa sun kewaye shi. Alkasum ya taka birki tun daga kan gangare. Babur ya saki hayaƙi mai ƙamshin suya, ya wuce su a guje, karnuka na biye da ƙamshin. Bai tsaya ba sai da ya shiga tsibin ɓawon gyaɗa.

Kafin magariba aka aiko wata gwaggo ta tafi da Barira gidan ubanta. Washegari Alkasum ya zo mini da zancen santsi. Da na kai shi zaure da muciya na ce masa, "Kai da kake so abu ya kama, sai ka shafa masa mai? Ko kazar gidanmu ta fi ka lissafi." Ya tsaya kamar zai rama, sai ya juya ya tafi.

Ni aka tura biko, tun da bakina ba ya nauyi. Na durƙusa na ce wa Malam Garba yaron ya tuba, zai zo da ƙafa, zai ma sayar da baƙin ƙarfen.

"Da ƙafa kowa ya iya ladabi," in ji shi. "Na ga ladabinsa na ƙasa, shi na ba 'yata. Yanzu na sama nake so in gani. Ya zo a kan abin nan, ya tsayar da shi a gabana, ya sauka, ya tuɓe takalmi. In ya wuce ni na uku, ya ci gaba da tafiya, kada ya waiwayo."

Barira ta tare ni a bayan rumbu. Ba kuka take ba, haushi take ji. Ta ce ita mijinta take so, wawancinsa ma ta saba da shi, amma ta san shi, in aka bar shi da dabararsa sai ya kashe kansa a ƙofar gidansu. Muka yi shawara irin ta mata.

Shi kuwa Alkasum ya rufe ƙofa. Suma'ila ya dawo ya zage shi son ransa, ya ce abu mai kaushi ake so, busasshe, mai taurin kai. Alkasum ya san abin, sunansa ne ba ya so ya faɗa. Ya lallaɓa wurin majema ya sayi ƙirgin wuyan raƙumi, irin wanda ake yi wa 'yan daji takalmi da shi, ya ɓoye a cikin riga kamar kayan sata. Ya goge cikin cibiyar da toka har man nan nawa ya fita. Ya yanka ƙirgin aka kafa. Ya zauna yana kallonsa, fari fat, mummuna, ba rini ba ɗinki, zuciyarsa ta ƙi. Ya ɗauki wuƙa ya zana masa zane gicciye-gicciye, ya ce ko ba mai gani, Allah yana gani. Zanen nan ya ba fatar haƙora. Bai gwada ba, wai kada ya cinye kafin ranar.

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, a shekarar ƙuri'ar I da A'a, ta ko a ci gaba da zama da Faransawa ko a rabu. Mutanen I da mutanen A'a, waɗanda suka daina halartar sunan juna, ran nan tabarma ɗaya suka zauna a ƙofar Malam Garba. Tun da hantsi ni da Barira muka yi ta jido rairayi da ƙwarya muna zubawa a gaban buzun tsohon, muka ce gyaran ƙofar gida ne saboda baƙi.

Aka ji ƙararsa kafin a gan shi. Alkasum ya ɓullo a kan gangare, geza na tashi, idonsa a kan surukinsa, leɓensa na motsi. Ya ga ƙofar tana matsowa, ya tuna sau biyun nan, tsoro ya kama shi. Ya miƙe tsaye ya taka birki da duk nauyin da Allah ya ba shi, ya damƙe na hannu.

Babur ya tsaya cak. Alkasum bai tsaya ba. Ya bi ta kan ƙaho, riga ta buɗe kamar shaho, takalmi ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya faɗa wa wani mutumin A'a a cinya. Ya sauka da goshi a cikin rairayinmu, daidai bakin buzu.

Can sai muka ji murya daga cikin ƙasa.

"Barka da la'asar, Baba."

Malam Garba ya dube shi tun daga tafin ƙafa har ƙeya.

"Barka kadai. An sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya mutanen gida? Ya awaki?"

Haka ya bi gaisuwar har ƙarshenta, yana tofar da rairayi, bai tsallake ko akuya ɗaya ba. Da ya gama, tsohon ya juya ga dattawa ya ce, "Abin ya tsaya, shi ya sauka, takalmi kuma ba ya ƙafarsa. Ban faɗi yadda zai yi ba. A ce wa Barira ta ɗauko kayanta."

Ta fito da ƙullinta, ta dubi babur, ta dubi goshin mijinta, ta ce ita da ƙafa za ta koma Birni. Shi ma ya tura abinsa ya bi ta a baya.

Da mulkin kai ya zo, Nasara suka yi ta barin tsofaffin babura, ma'aikata na saye. Duk wanda birkinsa ya cinye sai a ce ya je wurin Baduku. Ya sa wa rabin garin nan ƙirgin raƙumi, kowanne da zanensa, sai dai ya koyi rage zurfin wuƙa. Mai kuwa bai ƙara saye a wurina ba, sai Barira ta aiko a ɓoye. Har Malam Garba ya rasu Alkasum bai sake isa ƙofarsa a kan babur ba, a kan gangare yake kashe shi ya gangara da takalmi a hannu.

Bayan rasuwar tsohon suka ɗaura niyyar Makka ta ƙasa, shi da Barira, kuma can suka zauna, ban sake ganinsu ba. Na raka su tasha. Ya hau bayan babbar mota ya zauna a kan buhuna, ya leƙo ya ce, "Delu, ki yafe mini, amma har gobe man nan naki yana da santsi."

Na ce, "Na yafe. In ka hango Madina ka sauka tun daga nesa ka ƙarasa da ƙafa, don can ni da Barira ba za mu riga ka isa da ƙwaryar rairayi ba."