Kyamara Uku 'Yan Wata Ɗaya

Kin taɓa juya kyamara kin dubi gindinta? Ba wannan ta wayarki ba, ajiye ta tukuna ki saurare ni. Irin ta dā nake nufi, mai fim, wadda ake ratayawa a wuya. To a gindin kowacce akwai 'yar lamba da aka buga a jikin ƙarfen, mitsi-mitsi kamar ƙwan kwarkwata. Ni ban yi makaranta ba, ban san me suke cewa ba. Amma Yayana, Allah ya jiƙansa, da 'yan lambobin nan ya tsira da mutuncinsa.

Gyaran kyamara yake yi. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai ɗinkin takalmi da mai gyaran rediyo, in ka miƙe da sauri sai kanka ya gaisa da siminti. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, farin ƙyalle a shimfiɗe don kada 'yan kusoshi su gangara, sai gilashin nan da yake maƙalawa a ido. Shi ya sa duk layin Ido Ɗaya suke ce masa, alhali idanunsa biyu garau. Ni kuwa Auta yake kirana har na yi furfura.

Yana da wata ɗabi'a mai ba mutane haushi. In ka miƙa masa kyamara, kafin ma ya tambayi abin da ya same ta, sai ya kifa ta, ya kwafe lambar a ɗan kati, ya sa ranar da ta zo, ya jefa a gwangwanin biskit. Shekara ashirin da wani abu yana haka. Mai rediyo yakan leƙo ya ce, "Ido Ɗaya, gyara aka kawo ko takardar haihuwa za ka yanka mata?" Yaya ya ce, "Kai dai je ka ji da rediyonka mai tari."

Ba fa wanda ya koya masa. Da ya ga wadda aka sayo bana lambarta ta ɗara ta bara, a hankali ya gane cewa a wata irin kyamara, lamba biyun farko shekarar da aka ƙera ta ce, harafin da ke biye wata ne, sauran kuma ita ce ta nawa a cikin 'yan'uwanta. Wani kamfanin nasa tsarin daban. Ya sha faɗa min har na haddace, kamar zan yi wani abu da shi.

To a shekarar da nake ba ki labari, hannunsa na dama ya soma 'yar rawa da safe. Kaɗan ce, sai rana ta ɗaga ta lafa. Yana ɓoyewa, amma ni da nake kai masa abincin rana na gani. Da ya ɗauki hantsaki sai ya fara kallon ƙofa, ko wani na kallonsa.

Ana nan sai Mai Hoto ta kawo tata a goge mata ƙura. Mace ce mai shagon ɗaukar hoto a kan kwana, muryarta kuwa in ta yi sallama a farkon layi, na ƙarshen layi ne ke amsawa. Bayan mako guda sai ga ta kamar an jefo ta. Ta watsa hotuna a kan farin ƙyallen nan. Ɗalibai ne da suka gama makaranta, kowa ya sha ado, kuma kowane hoto da wani jan layi ya taso daga gefe ya yanka fuskokin.

"Dubi aikinka! Hoto talatin da shida! In sake tara yaran nan daga ina? Sun watse, kowa ya kama gabansa!"

"Malama, zauna mu duba."

"In zauna? Lafiya lau na kawo ta, ƙura kawai! In hannun ya gaji ka faɗa, ba abin kunya ba ne!"

Kin ji fa, a gaban kowa. Jan layin nan haske ne ke satar hanya ya shiga ya ƙona fim. Yaya ya buɗe kyamarar, ya bi duk inda ya taɓa, bai ga komai ba. Bai gama da wannan ba sai ga wani malamin makaranta da nasa hotunan, jan layi. Sai wani direba, shi ma jan layi. Kyamarorin nan uku iri ɗaya ne, duka uku sun bi ta teburinsa cikin wata biyu.

Shi ke nan, layi ya ɗauka: hannun Ido Ɗaya ya tafi. Mutane suka daina tsayawa. Mai rediyo ya daina tsokanarsa, sai dai ya gaishe shi a ladabce, kuma wallahi wannan ya fi masa ciwo. Abin da ya fi muni, Yaya da kansa ya yarda. Yakan zauna ya ɗora hannun a tebur yana kallonsa kamar na wani.

Ran nan ya ce min, "Auta, gobe ki zo da buhu biyu. Za mu kwashe kayan."

Da safe muna ta naɗe sukudireba a jarida, sai ya janyo gwangwanin biskit. Niyyarsa ya ciro katin mutum ukun nan, ya bi su gida ya ba su haƙuri. Ya jera su a kan ƙyalle. Sai na ji shiru. Na waiwaya, ya maƙala gilashi a ido, ya sunkuya kamar mai neman allura.

"Auta, zo ki gani."

"Yaya, in ga me? Ka manta da wa kake magana?"

"Ba karatu na ce ki yi ba. Kamanni za ki duba."

Na duba, ai kuwa kawunan lambobin iri ɗaya sak, wutsiyar ce kawai ta ɗan bambanta. Ya zazzage gwangwanin gaba ɗaya, ya ware duk masu irin wannan kyamara da ya taɓa gyarawa, sha tara. Ba wadda aka taɓa dawowa da ƙorafi a kanta, kuma ba ko ɗaya da aka ƙera wata ɗaya da ukun nan. Ukun nan kaɗai ne shekara ɗaya, wata ɗaya, lambobinsu kusa da kusa kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Na fara guɗa, ya ce in rufa masa asiri. "Ƙila su ne, ƙila ni ne. Sai na sami 'yar'uwarsu wadda hannuna bai taɓa hawa kanta ba."

Muka rufe shago muka tafi wurin mai kantin da ya sayar da su. Da Yaya ya nuna masa lambobin, ya ɗan yi tunani ya ce tabbas, kwali ɗaya ne, guda goma sha biyu, shekara shida ke nan. Ya tuna mai shagon magani ya ɗauki ɗaya don yaransa. Muka je. Mutumin ya zaro ta daga aljihun tebur, ƙarƙashin tarin takardu, ya ce rabonsa da ita tun yaran na rarrafe. Yaya ya ce wa mutumin ya kifa ta da kansa. Lambarta ta faɗa tsakanin ta malamin da ta direban. Fentin kan kusoshinta ko ƙwarzane babu.

Sai Yaya ya mayar da hannayensa baya ya harɗe, ya ƙi taɓa ta. Ya ce in kira Mai Hoto. Ta zo tana hura hanci. Ita ta sa fim da hannunta, ita ta tsayar da mai magani a bakin titi cikin rana tsaka ta ɗauke shi hoto, ita ta shiga ɗakin wankin hotonta ta ja labule. Mu kuwa muna kan benci a ƙofar shagonta. Yaya ya kafa wa labulen ido.

Da ta fito, hoton na ɗiga ruwa. Ga mai magani ya washe baki, ga jan layi ya bi ta kan hancinsa.

'Yar nan, ban taɓa ganin mutum ya yi murna da lalataccen hoto ba sai ranar. Yaya ya karɓa, ya duba, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya har hawaye, yana ta "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi." Mai magani ya ce, "Malam, hancin nawa ne abin dariya?"

Ashe wani siririn baƙin soso ne, can bayan ƙarfen inda murfin baya yake buɗewa, wurin da mai goge ƙura ba ya kaiwa. Wanda aka sa wa 'yan watan nan bai yi ƙarko ba, shekara shida ya zama gari, shi ya sa suka lalace kusan tare. Yaya ya yanka sabo ya liƙa musu, ya aika aka nemo sauran takwas ɗin tun kafin su ɓata wa wani hoto.

Mai Hoto kuwa, in ba ta haƙƙinta, ba ta yi a ɓoye ba. Tsakiyar layi ta tsaya da muryar nan tata: "Duk wanda ya ji ni ranar nan, ya ji ni yau! Ba hannun Ido Ɗaya ba ne, ni ce na yi saurin baki!"

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a ƙarƙashin matakalar nan. Rawar hannun sai ya ninke tsumma ya ɗora tsintsiyar hannun a kai, aikinsa ya ci gaba tsaf. Ranar da ya ga ta fi ƙarfin tsumma, da kansa ya sa wa shagon kwaɗo, ba wanda ya ce masa ya isa.

Ganina na ƙarshe da shi, yana kwance, ya rame, amma bakin nan na nan. Na miƙa masa ruwa, kofin na ta kaɗawa a hannunsa. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Auta, wannan karon dai hannun ne da gaske. Riƙe min kofin, kar in jiƙa miki zane."