Tsohon da Ya Juya wa Stoyanka Baya

Matso kusa ka zauna, in nuna maka wani tsoho. Jajibirin sabuwar shekara ne a kasuwarmu ta garin Troyan. Ga shi tsaye gaban teburin Stoyanka mai sayar da survachka, 'yar sandar nan mai adon jan zare, gugguru da busasshen barkono, wadda jikoki ke bubbuga wa manya a baya don su shekara lafiya. Kwat ɗinsa a goge tsaf, amma maɓalli ɗaya da farin zare aka ɗinka shi. Ɗinkin namiji ne, ina zato.

"Baba, jikoki nawa za su lakaɗa maka dukan bana?" in ji Stoyanka, tana dariya.

"Uku. Suna can ƙasar Sifen." Yana jujjuya sandar a hannu. "Anya tana da ƙwari kuwa, 'yata? Gwada mu gani."

Sai ya tuɓe hula, ya juya mata baya. Dariyarta ta ɗauke. Tana bubbuga masa a hankali, tana jero fatan da yara ke yi: lafiya, tsawon rai, gona cike da alkama. Ta gama, amma har yanzu idonsa a rufe yake.

Ya biya, ya rungume sandar ya tafi. Gobe da safe, wa kake jin zai miƙa wa?