Uwar Ƙwari Ta Ajiye Alli

Kafin masu shara su gama da barandar sashen nazarin halittu, Malama ta riga ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje, ta goge tebura, ta leƙa kwalaben da take kiwon gara da kyankyasai a ciki. Ɗalibai suka laƙaba mata Uwar Ƙwari. Da zolaya aka fara, amma sunan ya bi ta har furfura.

Tana koyar da ƙwari da kuma enzayim, irin sinadaran da jiki ke narkar da abinci da su. Shekarar da kayan gwaji suka ƙare, hukumar jami'a ta ce a yi haƙuri, malamai suka koma karanto wa yara littafi. Ita kuwa ta dama sitaci, ta raba a kwalabe.

"Kowa ya tofa yawu a tasa," in ji ta.

Wata ɗaliba ta yatsina fuska. "Malama, ƙazanta fa."

"'Yata, da wannan ƙazantar kika narkar da karin kumallonki. Tofa mu gani."

Can ta ɗiga aidin, ruwan maganin da ke baƙanta sitaci. Kwalbar da ba yawu ta yi baƙi ƙirin, tasu kuwa ko gezau. Waccan mai yatsinar likita ce yau, kuma har yanzu tana ba da labarin.

Malama, ke ce mai shiga gona da ragar kamun ƙwari, rana na dukanki. Ke ce kika tara ƙwarin yankin nan ɗaya bayan ɗaya, kika busar, kika jera a akwatunan gilashi. Ana rabon ƙarin girma kina cikin aji, don haka aka yi ta tsallake ki.

Ana saura mako ta yi ritaya, shugaban sashe, wanda ita ta koya masa riƙe madubin gwaji, ya ga ɗakin akwatunan ya dace da ofis. Leburori suka zube su a baranda, ruwan sama ya sauka a kai. Da safe ta durƙusa tana tsince fukafukan da suka manne da gilashi.

"Ranka ya daɗe, da ka faɗa mini, ai da na kwashe," ta ce wa shugaban sashe.

"Haba Malama, ƙwari ne fa. A kamo wasu."

Ta san gonakin da ta kamo su a ciki duk sun zama gidaje. Ranar tafiyarta ba taro, ba jawabi. Masinja aka turo ya karɓi makulli.

Mun gode, Uwar Ƙwari, Allah ya saka miki da alheri. Matasan malamai, ku riƙe aji yadda ta riƙe. Ku kuma da kuka ci moriyarta, tana nan da ranta, kun san gidan. Kada ku jira sai ta rasu sannan ku rubuta sunanta a ƙofar ɗakin da kuka fitar da ita.