Sulemanu Mai Kanwa

Sulemanu mutumin Maska bai yi boko ba, amma shekara goma sha ɗaya makullin ɗakin gwajin iri na hannunsa, a wata gonar gwamnati bayan Funtua. A ɗakin ake shuka irin auduga cikin farantai, a ga nawa zai tsira kafin a raba wa manoma. Ba taga. Fanka biyu ne a jikin bango suke fitar da iska, sai wani inji mai fesa ruwa kamar hayaƙi, ma'aikata na ce masa injin raɓa. Dokarsa ɗaya ce: ruwan sama na tanki kaɗai ake zuba masa. Ba wanda ya gaya wa Sulemanu dalili, shi ma bai tambaya ba.

Da bazarar 1978 ya leƙa tankin, ya ga gansakuka da tsutsotsi. Ransa ya ƙi. A hanyar garinsu kuwa akwai rijiyar da makiyaya ke koro shanu tun daga nesa don su sha, saboda kanwar da ke cikinta. Ruwa garai-garai. Ya ce a ransa, ruwan da ke sa bijimi ƙiba ai ba zai ƙi ɗan tsiron auduga ba. Ya shiga ɗauko garwa biyu a keke kowace safiya. Bai gaya wa kowa ba a wurin aiki. So yake tsiro ya yi kyau a zo a tambaye shi sirrin.

Cikin mako uku wata farar ƙura ta lulluɓe ɗakin. Ta daskare a fuka-fukan fanka, ta toshe ragar da ke bayansu. Fanka ɗaya ta yi ta gurnani har ta ƙone. Iska ta tsaya, tsiron ya yi funfuna, faranti sittin suka ruɓe.

Malam Abdussamad, jami'in gonar, ya kira Mati mai shara, dattijo mai ido ɗaya.

"Baba Mati, tuwo kake tuƙawa a ɗakin nan?"

"Ranka ya daɗe, in share da safe, kafin azahar ta dawo. Sai dai in aljanu ne ke niƙa a ciki."

"To ranar Asabar ka ajiye tsintsiya, ka tafi ka yi wa aljanun shara."

Sulemanu na tsaye da sufana a hannu. Da suka fita ya dangwali ƙurar da yatsa ya lasa. Kanwa. Ya zauna a kan garwar da ya ɗauko da hannunsa, ya daɗe bai tashi ba.

Kwana huɗu ya yi bai buɗe baki ba. Ya daina ɗebo ruwan rijiya, ya kankare fankar da ta rage, yana fatan magana ta mutu. Kullum kuma Mati sai ya gaishe shi: "Sarkin inji, an tashi lafiya?" Shi kuwa ya amsa yana kallon ƙasa.

Ranar Juma'a da safe matarsa Dinatu ta ajiye masa koko ta ce, "Baban Atu, Hansai matar Mati ta fara ɗaure kwanuka. Za a karɓe ɗakinsu na gona."

Ya sa ludayi yana juya kokon.

"Tun ranar farko na ce maka ko a butata ba na zuba ruwan nan, fari yake bari. Ka ce mace ba ta san inji ba. To ga masanin inji nan."

Ya bar kokon ya hau keke. Magana ba ta taɓa yi masa sauƙi ba, don haka bai shirya ko ɗaya ba. Ya tafi da murfin tukunya biyu baƙaƙe. A ƙofar ofis ya zuba ruwan tanki a ɗaya, na rijiya a ɗaya, ya shanya su a rana, ya tsuguna a gefe. Ma'aikata na wucewa suna tsokanarsa, ko kasuwa ya buɗe. Kafin la'asar duka biyun sun bushe. Ɗaya baƙi wuluk, ɗaya ya yi fari fat.

Malam Abdussamad ya duba, ya shafa, ya lasa.

"Wa ya zuba wannan a injina?"

"Ni ne, Malam. Mako uku."

"Kana tsaye na kori dattijon nan?"

"Ina tsaye."

Aka karɓe makullin daga hannunsa, aka mayar da shi wankin tanki da goge fanka. Mati ya ci gaba da shararsa. Bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai sarkin inji ya koma Mai Kanwa, sunan kuma ya bi shi har cikin coci.

Shekara tara ya ƙara a gonar. Fanka ba ta sake ƙonewa ba. In an ce Mai Kanwa yakan amsa. Gaisuwar Mati ce dai har ya bar aiki bai iya amsa ta da kai a sama ba.