Darar da Kowa Ya Ce Shi Ya Ci

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta ranar da na kusa raba amintakar Kawuna da abokinsa ba.

Lokacin ina zaune a Gaya, ina cikin masu sa kai wajen kula da wani injin wasanni. Manhaja ce da ake gina wasa a kanta sau ɗaya, ya yi aiki a kwamfuta da wayoyi iri-iri. Aikina shi ne bin rubutun da ke tafiyar da shi, in na ga kuskure in gyara.

Kawuna yana Gafasa, amininsa kuma, wanda muke kira Baba, yana Balan. Tun suna samari suke buga dara. Da ciwon gwiwa ya hana Kawu hawa babur, sai na gina musu dara a kan injin, kowa ya buga a wayarsa daga zaurensa. Na gwada a kwamfutata, lafiya lau.

Ba a jima ba Kawu ya kira ni, murya a sama. "'Yar nan, mutumin nan ashe bai da amana! Na cinye shi ƙarara, ya ce shi ya ci." Ina ajiyewa Baba ya bugo, shi ma da irin wannan ƙorafi, har da cewa ba zai ƙara taka Gafasa ba. A raina na ce rikicin tsufa ne, ɗayansu ke gardama.

Duk da haka na ɗauki a-daidaita-sahu na je Balan, na lallaɓi Baba har ya yarda ya biyo ni Gafasa wajen Kawu. Suka gaisa sama-sama, kowa ya kau da kai. Na jera wayoyinsu a kan tabarma, na duba. Wasa ɗaya ne, amma allo biyu daban, kowanne na nuna mai shi ne ya ci. Kowannensu gaskiya yake faɗa.

Na ce su sake bugawa ina kallo. Suka buga har ƙarshe, komai daidai. Sai na ce, "Baba, don Allah yadda kake yi a gida za ka yi."

Ya ce, "A gida ai in zan ci ɗansa, sai na buga masa waya na yi masa dariya."

Na ce ya gwada. Ya tura ɗa, ya danna kira. Wayar Kawu ta ɗau ƙara, wasan ya ɓuya. Da ya dawo, motsin Baba bai iso ba, wasan ya ba Kawu hannu kamar Baba bai taɓa komai ba. Ashe a irin wayar Kawu, da kira ya shigo sai injin ya zubar da saƙon da ke hanya. Ita kuwa kwamfutata, wa ya taɓa kiranta?

Kawu ya yi dariya har da hawaye. "Wato bakinka ne ya cuce ka!" Baba ya ce, "Kai kuma waya ce ke yi maka noma!" Nan take aka aika a damo fura.

A zauren na buɗe kwamfuta, na bi rubutun injin har na kai wurin, na sa ya riƙa ajiye saƙo sai kira ya ƙare. Da na tura gyaran ga sauran masu kula da injin, wani daga wata ƙasa ya ce matsalar ta daɗe tana ba shi wahala bai gano kanta ba.

Kafin la'asar suka sake karawa, Baba ya lallasa Kawu. Kawu ya dube ni ya ce, "'Yar nan, anya gyaran nan ya yi?"

Tun daga ranar, in mutum biyu sun saɓa, ba na saurin neman maƙaryaci. Sai na fara duba abin da kowannensu yake gani.