Maganin da Tabawa Ta Hana Sarkin Gandu

A Tambuwal na girma, tun Nasara bai shigo ƙasa ba. In damina ta ja baya, mu yara duk cin ruwa ya kama mu, tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari fat, ya dare, ga ƙaiƙayi kamar ka yanke ƙafar. Bayan magariba Kaka Hassi takan hura kara a tsakar gida, ta jera mu, ta daka kalankuwa, ciyawar nan mai fure ruwan ɗorawa, ta cusa mana tsakanin yatsu. Zafin yakan sa mu ihu, ita kuwa sai ta toshe mana baki da labari.

"Ku miƙo ƙafa, ku miƙo kunne," in ji ta. "Wagga dai ba ƙarya ta ba."

A Kebbe, ta ce, akwai gandun shinkafa da bayi ke nomawa a ƙarƙashin wani sarkin gandu, Barmo. Cikinsu akwai Tanko da matarsa Tabawa. Cin ruwa ya ci Tanko har ba ya iya taka ƙasa. Tabawa ta daka kalankuwa, ta zuba a ƙoƙo, ta durƙusa gaban Barmo ta roƙi kwana uku kacal, ƙafa ta bushe. Barmo ya shure ƙoƙon, bai ko dubi abin da ke ciki ba, ya kora Tanko fadama da bulala. Miki ya ruɓe, kumburi ya hau har cinya. Kafin a yanki shinkafa an binne Tanko.

Da damina ta zagayo, cutar ta kama Barmo. Ya aika a kira Tabawa, don kowa ya san ita ke yi wa bayi magani.

Nan Kaka takan tanƙwashe murya, ta kwaikwayi Tabawa: "Ranka shi daɗe, naka ba irin na bayi na ba. Ka shafa taɓon fadama, ka ɗaure da jiƙaƙƙen tsumma, kada iska shi taɓa shi."

Ya yi hakan wata biyu. Duk gandun sun san gaskiya, babu wanda ya buɗe baki. Yatsu uku suka zube. Ubangidansu mai gandun ya tuɓe shi, Barmo ya koma zaman bakin hanya yana korar ƙudaje. Kullum Tabawa za ta wuce rijiya, sai ta jefa masa furen kalankuwa ɗaya a cinya. Shi kuwa ya kaɗe shi, yana zaginta.

Babanmu ya taɓa cewa daga zaure, "Inna, wanga labari ba na yara na ba. Ina yafiya?"

"Yafiya?" in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kwana ukku ta roƙa, Mamman. Ukku!"

Sai da Kaka ta rasu innata ta faɗa mini Tabawa ce ta haifi Kaka, tana goye da ita a baya ranar da aka shure ƙoƙon. Yau ni ma na tsufa, ƙafar da na yi wa magani ba ta ƙirguwa, ban taɓa hana kowa ba. Malamai sun ce abin da Tabawa ta yi zunubi ne, ban kuma yi musu gardama ba. Amma na nemi tausayin Barmo a zuciyata shekara da shekaru, har yau ban same shi ba.