Tutar da Ba Ta da Sama da Ƙasa

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma ne, a zauren wani masaukin alhazai da ke unguwar Misfala a Makka. Akwai ni, akwai jagoran wani ayarin masu Umara, da wani matashin alhaji daga Ingila, sai ma'aikatan masaukin, 'yan unguwarmu. Ni tela ne a lokacin, mai ɗinka tutocin da jagorori ke ɗagawa a sanda don kada mutanensu su ɓace a cunkoso. Karatuna bai yi nisa ba, amma ba na son abu a hargitse, kuma an san ni da faɗa a kan haka.

Bari in bi abin daki-daki. Da farko, jagoran ya zo shagona yana ƙorafi cewa tutar kowane ayari kore ce ko ja, tsofaffinsa suna bin ta wasu, yaransa kuma kullum sai sun ɗaura tasu a kife. Na biyu, ƙanena da muke gida ɗaya a unguwar Rusaifa zane yake yi wa mutanen ƙasashen waje a kwamfuta. Na shiga ɗakinsa neman caja, na tarar da wani zane a buɗe: shuɗi mai haske sama da ƙasa, ruwan hoda na bin kowanne, fari a tsakiya. Duk yadda ka juya shi daidai yake. Ya burge ni, na ɗauki hotonsa a waya ban tambayi kowa ba. Na uku, na ɗinka.

A zauren nan na buɗe tutar ina jiran yabo. Matashin ya ja jagoran gefe, cikin ladabi ya raɗa masa cewa a ƙasarsu wannan tutar masu fafutukar haƙƙin masu sauya jinsi ce. Jagoran bai iya raɗa ba. Ya ɗaga murya yana tambaya ko so nake a kama shi a ƙofar Harami. Maimakon in naɗe ƙyallena in ce kuskure ne, sai na tsaya wanke kaina. Na ce ni ban ƙirƙiri komai ba, a kwamfutar ƙanena na gani, har na nuna hoton, ɗakinsa ya fito a ciki. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ce in tura masa ya duba, na tura. Kafin Isha hoton ya zaga wayoyin unguwa.

A gida na shiga da faɗa. Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya ce masu tutar da gangan suka zaɓi launi mai sanyi, suka jera shi yadda ba mai ɗaga ta ya yi kuskure, wato abin da ya burge ni shi ne ainihin saƙonsu. Sannan ya ce, ni yayansa na san irin wannan magana tana kai mutum ofishin 'yan sanda a ƙasar nan, me ya sa sunansa ne ya fara fitowa daga bakina? Sai na ƙara faɗa. Washegari ya tafi Jidda. Mahaifiyarmu tana tambayata ranar dawowarsa, maƙwabta kuma suna gaishe ni da wata irin murya da ke ba ni haushi.

Har yau ban sani ba ko aikin wani yake yi, ko abin ya shafe shi. Mutanen unguwa sun yanke hukunci, ni da na ja masa ban ma zauna na tambaye shi ba. Abin da na koya shi ne launi ma magana ce, kuma wanda ya ji tsoro a gaban jama'a, nasa yake fara miƙawa.

Idan aka titsiye ku a kan ɗan'uwa, ku yi shiru har ku isa gida. Wanda kuma hoton nan yake cikin wayarsa, ina roƙonsa don Allah ya goge shi, ko ƙanena ya samu hanyar zuwa gaishe da mahaifiyarsa.